Kabeji Ɗari Biyu na Hedimasta Pyo

Saura kwana tara a yi haɗin kimci na shekara, wato kabejin da ake cuɗawa da barkono a adana, sunan Hedimasta Pyo kuwa na biyu ne daga ƙasa a jadawalin gasar karta.

Dokar zauren tsofaffin unguwarsu a birnin Daejeon ba ta da kwana-kwana. Kowace kaka ana buga kartar furanni ta kwamfuta, maza da mata, kowa daga gidansa, kowa da sunan ɓoye, sakatare kaɗai ya san wane ne wane. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai sa safar roba mai ruwan hoda har gwiwar hannu, ya tsuguna a fili ya cuɗa barkono a kabeji ɗari biyu, mata na tsaye a kansa suna ba da umarni.

Pyo kuwa shekararsa arba'in da ɗaya da aure, ko cokali bai taɓa wankewa ba. Ƙofar kicin ɗin gidansa ma bai san ta ciki take buɗewa ko ta waje ba. Da ya tuna safar nan sai ya ji abinci ya fita ransa, don tsoro yake ji na gaske.

Mai jawo masa wannan bala'i wani ne da ke wasa da sunan Kunkuru. Ga jinkiri, ga mugunta. Pyo ya rantse Bong ne, tsohon direban bas mai dariya kamar ana jan kujera.

Ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo masa, ba sunan mai aikowa: manhaja kyauta, mai nuna maka kartar abokin wasanka mafi haɗari.

To, shi wannan Pyo shi ne mai tara tsofaffi duk Alhamis yana yi musu lacca a kan tsaron kwamfuta. Yakan ɗaga yatsa ya ce, “Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk manhajar da ba ku san gidansu ba, kada ku sauke ta. Ku je shafin masu ita na asali, ku bar manhajar tsaro a kunne.” Ya san karatun sarai. Sai da ya yi minti huɗu cur yana kokawa da zuciyarsa.

Ya sauke. Manhajar tsaro ta yi ja ta yi kuka, ya kashe ta kamar yadda yake korar ɗalibi mai surutu. Aka nemi izinin ganin allonsa, ya bayar. Aka nemi wani izinin da bai ma karanta ba, ya ƙara.

Matarsa ta shigo da shayin sha'ir. Ya yi wuf ya karkatar da allon.

“Baban Mi-ran, lafiya kake gumi da sanyin nan?”

“Harkar kwamfuta ce, ba za ki gane ba.”

Ta ajiye kofin ta fita. Shekara talatin ta yi tana ’yan buge-bugenta a kan kwamfuta a wani kamfani, haka dai yake kiran aikin, bai taɓa tambayar me ake bugawa ba.

Abu kuwa ya yi aiki. Kartar Kunkuru ta bayyana ɓaro-ɓaro a kusurwar allo. Laraba ya lallasa shi, Juma'a ya maimaita. A zaure ya dafa kafaɗar Bong ya ce, “Ƙanena, lamba nawa hannunka yake sawa? Kada a sayo maka safar da za ta matse ka.”

“Yaya, a dai juri zuwa rafi,” in ji Bong, ya saki dariyar nan tasa.

Ranar ƙarshe ta haɗa shi da Kunkuru a tebur ɗaya. A wannan karta, in ka ga kana ci, ko ka tsaya ka kwashi rabonka, ko ka ce a ci gaba don ka ninka, amma in aka juya maka, kai za ka ɗauki asarar kowa. Pyo ya leƙa kusurwa, ya ga hannun Kunkuru tarkace ne zalla. Ya ce a ci gaba. Ya sake cewa. Da ya tsaya nan da ya tsira, amma kwaɗayi mabuɗin wahala, ya faɗa a karo na uku.

Sai Kunkuru ya fara ajiye kartar da babu ko ɗaya a kusurwar, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kafin shayi ya huce, Pyo ya sauka ƙasan jadawali.

Washegari ya rungumi kwamfutar sai shagon Madam Yeo mai gyara. Dabararsa ɗaya ce: in ya samu shaidar cewa Bong ya leƙa masa karta, dole a soke sakamako.

“Wata cuta ce ta shigo da kanta,” in ji shi.

Madam Yeo ta dube shi ta saman tabarau. “Da kanta, Baba? Ta kuma kashe tsaron da kanta, ta danna ‘na yarda’ har sau biyu?”

Ya yi tari. Ta yi ’yan danne-danne, ta ce tun Talata ake aika hoton allonsa duk daƙiƙa biyu, kusurwar nan kuma abin da mai karɓar hoton ya ga dama yake rubutawa a cikinta. Wanda ya haɗa abin, in ji ta, ƙwararre ne, ko takarda ɗaya bai taɓa ba sai karta.

“Fito min da adireshin ɓarawon! Yau Bong zai san ni!”

“Baba, ai hoton bai taɓa fita kan titi ba.” Ta juyo masa da allon, tana danne dariya. “Na'urar da ke karɓa tana kan intanet ɗin gidanka ne, sunan da aka sa mata kuma Kicin.”