Dutsen tsakiyar kogi

A babban hutun shekarar da kogi ya ƙafe, Baba ya goya ni a babur zuwa Tondibia. Mushe ne a lakwal, wato malamin makaranta, kuma Allah ya jarabce shi da son duwatsu. 'Yar gudumarsa ba ta rabuwa da aljihunsa.

Da ƙafa muka taka har tsakiyar kogi, ko'ina warin busasshiyar laka da mataccen kifi. Ya durƙusa ya ɓamɓaro wani baƙin dutse mai santsi, ya sa mini a tafin hannu.

"Rabi, wannan ya riga ɗan Adam zuwa duniya. Turawan da suka zo binciken ƙasar nan ma ba su gan shi ba, ruwa ya rufe shi." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Mu ma bai kamata mu gan shi ba."

Sai inuwa ta faɗo kanmu. Soja ne daga barikin da ke kusa, da bindiga a kafaɗa.

"Malam, me kake aunawa? Wa ya aiko ka?"

Na buɗe baki zan ba shi labarin dutsen, Baba ya matse mini hannu har na ji zafi.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Wasa nake yi wa yarinya."

Sojan ya karɓe gudumar, ya tambayi sunan lakwal ɗin Baba, ya maimaita shi a hankali.

Dutsen yana wurina har yau, kuma ba na son taɓa shi. Daga ranar Baba bai ƙara durƙusawa don wani dutse ba.