Takalmin da Ya Daina Matsi

"Yanzu fa, Baba Wendell?" in ji Marisol mai gyaran takalman zamiyar ƙanƙara, bayan ta ɗumama cikin takalmin ta sassauta maɗaurinsa.

Wendell ya motsa yatsunsa. Daram, ko matsi babu. Shekara talatin ke nan yana barin matarsa Lorna a kan dutsen da suke zamiyar ƙanƙara, ya sauko tun da hantsi, wai takalmi na cin ƙafarsa.

"Aka ce sai dai a jure, ashe zance ne," in ji Lorna. "Gobe sai ƙololuwar dutse, tsoho!" Ta fita ɗauko mota.

Wendell ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"'Yata, mayar min da shi yadda yake. Ƙafata lafiyarta lau. Tsayin dutsen nan nake tsoro."