Kaset ɗin Inna

Shekara goma ke nan Lantana tana hira kullum da mahaifiyarta marigayiya, ta na'urar da ake bai wa duk gidan da aka yi rashi, mai magana da muryar mamaci. Ranar Laraba ta tsinci kaset a adakar Inna, ta kai wa tsoho Malam Barau mai gyaran rediyo a kasuwar Gusau.

Ya liƙe zaren da ya tsinke, ya kunna. Wata mata ce take waƙar daka, muryarta a dishe, tana tari tana dariya.

"Baba, wace ce wannan?"

"Innarki ce. Ni na ɗauke ta a tsakar gidanku ranar sunanki."

Lantana ta dafe benci. Muryar na'urar da ke jiranta a gida ba ta taɓa yin tari ba.