Kuskuren da Uwani Ta Je Roƙo

Tun da na'ura ta iya ƙera taro da mawaƙa a talabijin, jama'a suka daina yarda da shirin kai-tsaye sai sun ga kuskure a ciki. Hajiya Uwani, wadda ta yi suna wajen shirya manyan bukukuwan tasharsu, aka ce mata in bikin gobe ya tafi sumul, aikinta ya ƙare.

Ta wuce gidan Baba Ɗanlami mai kalangu.

"Baba, alfarma nake nema. Gobe ka bari makaɗin ya suɓuce daga hannunka."

Tsohon ya dube ta da mamaki. "Zan yi miki, Hajiya. Amma ita na'urar ba ta iya kuskure ne?"

"Tana koyo, Baba. Jiya na ji wani mawaƙinta ya yi tari."