Littafin da Inna Ta Hana a Karanta

Ina buɗe littafi na ƙarshe, sai Inna ta riƙe mini hannu.

Tun da ruwan madatsar Bakolori ya haɗiye ƙauyenmu muka dawo Talata Mafara, kullum da la'asar nake karanta mata jerin labaran nan masu ban tsoro: wani gari da aljannu suka nutsar, mutanensa na ci gaba da rayuwa cikin duhun ƙarƙashin ruwa.

"Aje wanga," in ji ta.

"Inna, ai a nan ne jarumin zai janye ruwan, su fito."

"In ruwa ya janye, ƙasusuwa za a iske. Kushewar ubanka na can ƙasa. Muddin ba ka karanta ba, ni a wurina shina gona."

Na rufe shi. Washegari muka koma littafin farko.