Ƙurar da Ido Ba Ya Gani

"Likita, don girman Allah ka faɗa min gaskiya. Kwana nawa suka rage min?"

Na dafe teburinsa. Shekara shida ina zuba wani garin sinadari da ake kira nano a injin haɗa fenti, garin da ko tashinsa ido ba ya gani. Abokan aikina uku huhunsu ya lalace. Sai da na ukun ya rasu hukuma ta ce a gwada mu, mu da iyalanmu.

Matata na zaune a gefena. Wata biyu ke nan tana azumi saboda ni, duk ta rame, ga ɗan tarin da take cewa sanyi ne.

"Wallahi ban taɓa cire takunkumi ba," na ce. "Duk abin da dokarsu ta ce na yi. Safar hannu, tabarau, komai. Yarana ƙanana ne, likita."

Ya ɗaga hoton ƙirji ya haska. "Malam, huhunka garau yake."

Matata ta fashe da kuka tana hamdala. "Baban yara, ban gaya maka ba? Allah ya karɓa!"

Likitan bai yi murmushi ba. Ya jawo hoto na biyu, na matata, ya daɗe yana kallonsa.

"Rigar aikin nan taka, in ka koma gida, wa ke kakkaɓe ta?"

Matata ta share hawaye, ta amsa da alfahari.

"Ni mana. Kullum. Ai ko yaran ba na bari su taɓa masa ita."