Igiyar Gumsu

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwalen Shu'ibu mai fito a mashigar Auyo ya san igiyar nan. Bakinta ɗaya a ƙugunsa, ɗayan a wuyan hannun matarsa Gumsu, wadda take zama kusa da ƙafarsa tun fiton farko har na ƙarshe, idonta a kansa.

Abin ya faro ne bayan ambaliyar da ta shanye masa gonar shinkafa ta kuma rushe masa rabin gida. Wata dillaliya ta hango su a layin likitan ƙwaƙwalwa a Haɗeja, ta matso da gaisuwar gulma, ta tambayi wa ne ne ba lafiya. Shu'ibu bai gama buɗe baki ba Gumsu ta ce ita ce. Kafin su iso gida labari ya riga su.

Mutanen gari kuwa, Allah ya ba su baki. Ita suka sa mata suna mai taɓi, shi suka naɗa shi sarkin haƙuri. Aka daina sayen wainarta, wai wa ya san abin da za ta zuba a ƙullu. Fitonsa kuma ya ƙara kasuwa, don kowa yana son ya ba mutumin kirki ciniki. Iyaye ma shi suke damƙa wa yaransu 'yan makaranta, suna cewa mutumin da ya ɗaure matarsa a jikinsa don kada ta faɗa ruwa ba zai yi sakaci da ɗan wani ba.

Duk lokacin da aka yabe shi sai ya sunkuyar da kai, su ce kunya ce. Shi kuwa yabon nan ci masa rai yake yi. Ya sha cewa zai yi magana, Gumsu tana hana shi. Takan ce waina ba ta riƙe gida, fito ne yake riƙe shi. Kullum da safe ita take ƙirga ƙwayoyin magani, ita take duba ƙullin igiyar.

Ranar sunan jikansu na fari, ɗan 'yarsu Adila, suka haye tsallake da kayan barka. Gumsu ta karɓi jaririn, ta fara yi masa wasa irin na kaka. Hajiya Mansura, uwar mijin Adila, ta taso da sauri ta zare shi daga hannunta a gaban mata, tana cewa ba a sanin lokacin da abin yake tashi. Adila ta juya fuska bango. Shu'ibu yana bakin zaure, ya ga komai. Ya ga matarsa ta bar hannayenta a buɗe a kan cinya, ta kuma yi murmushi don kada kowa ya ji nauyi. Kunya da takaicin kansa suka rufe shi.

Da la'asar ya ɗebo 'yan suna zai mayar da su. Kwalekwale ya cika da mata, har da Hajiya Mansura da ta rako baƙi. A tsakiyar ruwa ta ce ya dai ƙara matse igiyar, yau ta ga idon matarsa ya canza.

Shu'ibu ya ci gaba da tuƙi har ya kai kowa gaci lafiya. Ya kafa gora a laka. Gumsu ta gane, ta ja igiyar a hankali.

"Malam, kada ka yi."

"Ya isa haka," in ji shi. Ya juya ga matan, ya san gobe ba lallai ya ga fasinja ko ɗaya ba. "Hajiya, a mayar mata da jikanta. Lafiyarta ƙalau. Maganin nawa ne, kuma ni ruwan nan yake kira. Ba ita aka ɗaure ba, ni aka ɗaure."